Tsaka Mai Wuya: Farin Jini da Raunin 'Yan Takarar Tsakiya a Zaɓen Shugaban Ƙasar Faransa

A ranar 22 ga Afrilun 2007, François Bayrou ya sami kashi 18.57 cikin 100 na ƙuri'un zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasar Faransa, wato mutum kusan miliyan 7 ne suka zaɓe shi. Ya zo na uku, bayan Nicolas Sarkozy da Ségolène Royal, saboda haka ya fita daga takara. Abin mamaki a nan shi ne, ƙuri'un jin ra'ayin jama'a da aka yi ta gudanarwa gab da zaɓen sun nuna cewa da za a haɗa shi gaba da gaba da Sarkozy zai kayar da shi, haka kuma da za a haɗa shi da Royal. Mutumin da zai iya doke kowa a karon ƙarshe ya rasa hanyar kaiwa karon ƙarshen. Tarihin 'yan tsakiya a Jamhuriya ta Biyar ya daɗe yana maimaita wannan labari, har zuwa 2017 da Emmanuel Macron ya karya lagon abin. Nasarar tasa kuwa ta fito da wata illa da ta fi ta faɗuwar Bayrou girma, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta.

Kafin nan, akwai batun suna, wanda ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Rabon siyasa zuwa dama da hagu ya samo asali ne daga yadda wakilai suka zauna a zauren majalisar Faransa a 1789, lokacin da ake muhawara kan ko za a bar wa sarki ikon hawa kujerar na-ƙi: masu goyon bayan sarki suka taru a hannun daman shugaban zama, masu adawa a hagunsa. A Hausa waɗannan kalmomi biyu ba su zo hannu rabbana ba. Dama tana tafe da albarka, hagu kuwa da ita ake siffanta bahagon ra'ayi da bahaguwar fahimta. Mai yiwuwa wannan ne ya sa masu fassarar labarai a gidajen rediyo suka fi son su ce 'yan mazan jiya ko masu ra'ayin riƙau, da 'yan gurguzu, sa'an nan masu matsakaicin ra'ayi. Wannan suna na ƙarshe yana ɗauke da yabo tun kafin a ji abin da mai shi zai faɗa, domin tsaka-tsaki abin so ne a tarbiyyar Bahaushe. Faransawa ba su yi wa tsakiyarsu irin wannan kara ba. A majalisar juyin-juya-hali ta 1792, wakilan da suka ƙi bin kowane ɓangare, alhali su ne suka fi yawa, an yi musu laƙabi da Fadama, wurin da ƙafa ke nutsewa, ba a san inda ruwa ya ƙare ƙasa ta fara ba.

Ƙyamar Fadama tana cikin abubuwan da aka gina Jamhuriya ta Biyar a kansu. A Jamhuriya ta Huɗu, daga 1946 zuwa 1958, jam'iyyun tsakiya ne suka riƙa ƙulla gwamnatoci suna kwancewa, tsakanin 'yan kwaminisanci a gefe guda da magoya bayan Janar de Gaulle a ɗaya gefen, har aka yi gwamnati fiye da 20 a cikin shekara 12. Da de Gaulle ya dawo, ya kawo kundin tsarin mulkin 1958, daga baya kuma ƙuri'ar raba gardama ta 1962 ta mayar da zaɓen shugaban ƙasa hannun jama'a kai tsaye, a zagaye biyu, kuma mutum biyu kaɗai ke shiga zagaye na biyu. Ƙa'idar mutum biyu ita ce ta tsaga ƙasar gida biyu. Duk wanda ya tsaya a tsakani, a ƙarshe za a tambaye shi bayan wa zai bi.

Duk da haka ba a taɓa rasa masu neman ɗan tsakiya ba. A zaɓen farko na 1965, Jean Lecanuet, wanda jaridu suka riƙa kwatanta shi da Kennedy na Amurka saboda ƙuruciyarsa da iya fitowa a talabijin, ya sami fiye da kashi 15, abin da ya taimaka wajen tilasta wa de Gaulle shiga zagaye na biyu da François Mitterrand, abin da Janar ɗin bai yi tsammani ba. A 1969 Alain Poher, shugaban Majalisar Dattawa, ya kai zagaye na biyu, Georges Pompidou ya kayar da shi da kusan kashi 58. Jam'iyyar kwaminisanci ta ce wa mabiyanta su zauna a gida, domin a ganinta Poher da Pompidou duk kanwar ja ce. A 1988 Raymond Barre ya zo na uku da kashi 16 da ɗoriya. Wannan adadi na kashi 15 zuwa 20 ya yi ta dawowa har ya zama kamar gadon gida, yana isa ya hana wani barci amma ba ya isa ya ba da mulki.

Dalilan farin jinin ba ɓoyayyu ba ne, kuma ba na raini ba ne. Akwai gajiya da mulkin karɓa-karɓa, inda kowace gwamnati ke fara aiki da rushe abin da ta gada: 'yan gurguzu sun mayar da manyan bankuna da kamfanoni mallakar gwamnati a 1982, gwamnatin Jacques Chirac ta fara sayar da su a 1986. Akwai batun Tarayyar Turai, wanda ya tsaga kowane ɓangare daga cikinsa, kamar yadda aka gani a ƙuri'ar raba gardama ta 2005 da kusan kashi 55 suka yi watsi da kundin tsarin mulkin Tarayyar; 'yan tsakiya ne kaɗai ba su taɓa yin inda-inda a kansa ba. Akwai kuma wata hujja ta lissafi da ta girmi Jamhuriyar kanta. Tun 1785 masanin lissafin nan Condorcet ya nuna cewa ɗan takarar da ya fi dacewa da nufin jama'a shi ne wanda zai doke kowane abokin takara idan aka gwada su biyu-biyu, kuma tsarin ƙuri'a na yau da kullum kan iya zubar da irin wannan mutum tun da wuri. Ɗan tsakiya sau da yawa shi ne zaɓi na biyu na mafi yawan mutane. Mai bin hagu zai fi son sa a kan ɗan dama, mai bin dama zai fi son sa a kan ɗan hagu. A ƙasar da ake yawan fita titi, shugaban da mafi ƙarancin mutane ke ƙi ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai zagayen farko ba ya tambayar zaɓi na biyu. Yana ƙirga waɗanda suka fi son mutum a kan kowa, kuma irin wannan so yana buƙatar tuta, da tarihi, da abokin gaba da za a nuna da yatsa. Ko an tsallake wannan, akwai tarko na biyu a zaɓen 'yan majalisa, wanda shi ma zagaye biyu ne a mazaɓu 577, kowace mazaɓa kujera ɗaya. Ɗan majalisar da ke son komawa kujerarsa dole ya sami ƙuri'un wani babban ɓangare a zagaye na biyu. Wannan ne ya sa, makonni kaɗan bayan Bayrou ya ƙi mara wa Sarkozy baya a 2007, mafi yawan 'yan majalisar jam'iyyarsa ta UDF suka yi hijira zuwa sansanin Sarkozy. Sabuwar jam'iyyar da ya kafa, MoDem, ta sami fiye da kashi 7 na ƙuri'u a watan Yuni, amma kujerun da ta samu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A 2012 ya bayyana cewa shi kansa zai zaɓi François Hollande a zagaye na biyu. 'Yan dama suka ɗauke shi maci amana, 'yan gurguzu kuma suka tsayar da 'yar takara a mazaɓarsa, ya rasa kujerarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Valéry Giscard d'Estaing, wanda ya ci zaɓen 1974 da kashi 50.81, shi ake kawowa a matsayin shaida cewa tsakiya na iya mulki. Shi ne ya ce Faransa tana son a mulke ta daga tsakiya, kuma a farkon mulkinsa aka rage shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18, aka sauƙaƙa dokar rabuwar aure, aka kuma zartar da dokar Simone Veil kan zubar da ciki, wadda ba ta wuce ba sai da ƙuri'un 'yan hagu. Amma Giscard ya hau mulki ne a matsayin ɗan takarar dama a zagaye na biyu, kuma rinjayensa a majalisa yana hannun magoya bayan de Gaulle. Da Chirac ya ajiye muƙamin firaminista a 1976 ya kafa jam'iyyar RPR, sai shugaban ya zama baƙo a gidansa. Ya faɗi a 1981, bayan tsadar rayuwa da rashin aikin yi da badaƙalar lu'ulu'un Bokassa sun ci masa mutunci, Chirac kuma bai yi wani ƙoƙarin ceto shi ba.

Abin da ya faru a 2017 daban ne, kuma sa'a ta taka rawar da masu yabon Macron ba su cika son ambata ba. Hollande ya janye daga neman wa'adi na biyu a Disambar 2016. Zaɓen fid da gwani ya ba 'yan dama François Fillon, wanda ya fi Alain Juppé tsauri, ya kuma ba 'yan gurguzu Benoît Hamon daga can gefen hagu na jam'iyyar, sai fili ya buɗe a tsakani. A Janairun 2017 zargin biyan matar Fillon albashin aikin da ba ta yi ba ya karya takararsa. A Fabrairu Bayrou ya haƙura da tsayawa ya ba Macron goyon baya. Da duk wannan, kashi 24.01 Macron ya samu a zagayen farko, kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na huɗu, Jean-Luc Mélenchon, ba ta kai kashi 5 ba. A zagaye na biyu ya doke Marine Le Pen da kashi 66.1.

Dabararsa ta sha bamban da ta Bayrou. Bayrou ya so ya zama gada tsakanin gidaje biyu. Macron ya kwashe kayan gidajen ya gina nasa. Ya ɗauko firaministansa Édouard Philippe da Bruno Le Maire da Gérald Darmanin daga dama, ya ɗauko Jean-Yves Le Drian da Gérard Collomb daga 'yan gurguzu. Sakamakon yana cikin alƙaluma biyu. A zagayen farko na 2012, Hollande da Sarkozy, 'yan takarar manyan jam'iyyun da suka yi ta karɓar mulki a tsakaninsu, sun haɗa kusan kashi 56. A 2022 magadansu, Anne Hidalgo da Valérie Pécresse, ba su haɗa kashi 7 ba; kowacensu ta gaza kaiwa kashi 5 da doka ta gindaya kafin gwamnati ta mayar wa ɗan takara kaso mai tsoka na kuɗin kamfe, har Pécresse ta fito tana roƙon gudummawa.

A nan illar take. Dimokuraɗiyya tana rayuwa ne da samun hanyar korar masu mulki ba tare da an rushe gida ba. Muddin akwai dama mai sassauci da hagu mai sassauci, talakan da ya fusata da ɗaya yana iya komawa ga ɗaya. Idan aka tara duk masu sassaucin a jam'iyya guda, aka kuma ce wa jama'a zaɓi ya rage tsakanin masu hankali da masu tsattsauran ra'ayi, to duk wanda ya gaji da masu hankalin ba shi da ƙofar fita sai ta gefe. Kowace gwamnati kuwa tana tsufa, kowace tana tara masu jin haushinta. A 2002 Jean-Marie Le Pen ya sami ƙasa da kashi 18 a zagaye na biyu. 'Yarsa ta sami 33.9 a 2017, ta sami 41.45 a 2022, wato fiye da mutum miliyan 13, duk da cewa a daren nasararsa ta farko Macron ya yi alkawarin yin duk abin da zai iya don kada a sake samun dalilin zaɓen masu tsattsauran ra'ayi.

Za a iya cewa, kuma da gaskiya, ba Macron ne ya haifi wannan guguwa ba. Jam'iyyun masu ƙyamar baƙi sun bunƙasa a Italiya da Holan da Jamus, inda babu wani Macron, kuma jam'iyyar gurguzu ta Faransa ta riga ta ruɓe a hannun Hollande kafin a zo a ture ta. Za a iya ƙarawa da cewa mulkin nasa bai tashi a banza ba: rashin aikin yi ya sauka daga sama da kashi 9 a 2017 zuwa kusan kashi 7 a 2022, kuma shi da Angela Merkel ne suka jagoranci shirin farfaɗo da tattalin arzikin Turai na Yuro biliyan 750 a 2020. Duk wannan bai taɓa asalin zargin ba. Bambancin Faransa shi ne, tsarin zagaye biyu ya sa ya zama maslaha ga ɗan tsakiya abokin karawarsa ya kasance mai tsattsauran ra'ayi, domin shi ne kaɗai wanda yake da tabbacin dokewa. Wanda ribarsa ke cikin wanzuwar dodo da wuya ya yi gaggawar kashe shi, ko da niyyarsa ta gari ce.

Daga nan kuma matsalar ƙuri'ar aro ta taso. Miliyoyin da suka zaɓi Macron a zagaye na biyu na 2022 sun yi haka ne don su tare Le Pen, shi kansa ya amsa haka a jawabinsa na daren zaɓe. Wata biyu bayan nan suka hana shi cikakken rinjaye a majalisa. Duk da haka gwamnatinsa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a Maris na 2023 ta hanyar sashe na 49.3 na kundin tsarin mulki, wanda ke ba da damar zartar da doka ba tare da ƙuri'ar majalisa ba, alhali dukkan manyan ƙungiyoyin ƙwadago sun haɗa kai suna adawa. Ƙuri'a 9 kacal suka hana gwamnatin faɗuwa. Ko gyaran fanshon ya dace ko bai dace ba, wannan muhawara ce ta daban. Abin lura shi ne, wanda ya zo da sunan sulhu ya yi mulki kamar mai cikakken izini, da ƙuri'un da aka ba shi don wani dalili daban. Zanen aro ba ya rufe katara.

Masanin siyasa Maurice Duverger ya yi hasashen irin wannan tun shekarun 1950, inda ya nuna cewa ana iya samun jam'iyyar tsakiya, amma da wuya a sami aƙidar tsakiya, domin duk ranar da aka zo yanke shawara dole a karkata. Kalmar da aka fi sanin Macron da ita, en même temps, ma'ana “a lokaci guda kuma”, tana aiki a kan mumbari, inda ake iya cewa za a saki kasuwa a kuma kare ma'aikaci. A kasafin kuɗi sai an fifita wani. Da aka soke harajin dukiya a 2018 aka bar shi a kan gidaje da filaye kawai, a shekarar da ake ƙara harajin man fetur, mutanen ƙauyuka da gefen birane sun karanta inda aka karkata, suka fito da riguna masu ruwan ɗorawa daga 17 ga Nuwamba. Zanga-zangar ta tona wani abu da kalmar tsakiya ke rufewa: tsakiyar zauren majalisa ba ita ce tsakiyar al'umma ba. Masu zaɓen wannan ɓangare sun fi yawa a cikin masu digiri, da masu rufin asiri, da mazauna manyan birane, daga baya kuma da 'yan fansho. A birnin Paris kusan kashi 90 ne suka zaɓi Macron a zagaye na biyu na 2017.

Mutanen Sahel sun ga nasu kason na wannan “a lokaci guda kuma”. A jami'ar Wagadugu, a Nuwambar 2017, Macron ya shaida wa ɗalibai cewa zamanin da Faransa ke da wata siyasa ta musamman kan Afirka ya wuce. Sojojin Barkhane suka ci gaba da zama, kuma a 2021 ya halarci jana'izar Idriss Déby a Njamena, ya zauna kusa da ɗan da sojoji suka ɗora a kan mulki. A Disambar 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar.

Gwajin da ya fi tsanani ya zo ne bayan Macron ya rusa majalisa a ranar 9 ga Yunin 2024, daren da jam'iyyar RN ta sami sama da kashi 31 a zaɓen majalisar Turai, ninki biyu na abin da jerin 'yan takararsa ya samu. Sabuwar majalisa ta fito kashi uku, babu mai rinjaye. A ƙa'ida wannan ita ce ranar 'yan tsakiya, ranar da ake buƙatar mai shiga tsakani. A Jamus ƙaramar jam'iyyar FDP ta shafe shekaru da dama tana wannan aiki, tana ƙulla gwamnati da CDU a wani lokaci, da SPD a wani, bisa yarjejeniyar da aka tattauna aka amince. A Faransa ba a sami haka ba, domin kowane jagora idonsa na kan zaɓen shugaban ƙasa mai zuwa, kuma duk wanda ya yi sulhu yau zai biya a zagayen farko gobe. Majalisa ta kayar da Michel Barnier a ranar 4 ga Disambar 2024, karo na farko da aka kayar da gwamnati ta wannan hanya tun 1962. Wanda ya gaje shi shi ne Bayrou, mutumin da ya shafe shekara kusan 20 yana wa'azin haɗa masu sassauci na kowane ɓangare, yana kuma gargaɗi kan bashin ƙasa, wanda a lokacin ya haura Yuro biliyan 3,000. Ya gabatar da shirin tsuke bakin aljihu na kusan Yuro biliyan 44, har da soke ranakun hutu biyu, ya nemi majalisa ta jaddada amincewa da shi ba tare da ya fara sasantawa da 'yan gurguzu ba. Ranar 8 ga Satumbar 2025 ya faɗi da ƙuri'a 364 a kan 194.

Idan akwai gyara, yana cikin ƙa'idojin zaɓe fiye da halayen mutane. Bayrou ya daɗe yana neman a riƙa raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu. Masu adawa da haka sukan tuna 1986, lokacin da aka gwada tsarin sau ɗaya, jam'iyyar Le Pen ta shiga majalisa da kujera 35. Wannan hujja ta mutu, tunda tsarin mazaɓu da aka ce zai tare su ya ba su kujera 89 a 2022, ya kuma ba su fiye da 120 a 2024. Rabon kujeru bisa ƙuri'u zai 'yantar da 'yan gurguzu daga dogaro da Mélenchon, ya 'yantar da 'yan dama daga tsoron RN, ya kuma mayar da tsakiya matsayin da ta fi amfani a cikinsa, wato abokiyar ƙawance da za a iya ɗauka a iya ajiyewa. Macron ya yi alkawarin shigo da wani kaso na wannan tsari tun 2017, lokacin da yake da kujera kusan 350 tare da MoDem, bai kuwa cika ba.

Kundin tsarin mulki, bayan gyaran 2008, ya hana shi neman wa'adi na uku a jere a 2027. Jam'iyyar da ya kafa a Amiens a 2016, wadda haruffan farkon sunanta, En Marche, suka yi daidai da na sunansa, ba ta yi saiwa a ƙananan hukumomi ba, kamar yadda zaɓen magadan gari na 2020 ya nuna. Édouard Philippe ya kafa tasa jam'iyyar, Horizons, tun 2021, ya kuma bayyana takararsa a Satumbar 2024. Gabriel Attal ya karɓi ragamar jam'iyyar shugaban, kuma kowannensu yana ta nesanta kansa da mutumin da ya naɗa shi firaminista. Idan su biyun suka tsaya tare, ga kuma ɗan takarar 'yan dama da na 'yan gurguzu masu sassauci, kason da ya kai Macron zagaye na biyu sau biyu zai rabu gida uku ko huɗu, kuma kujeru biyu ne kawai a zagayen na biyu.